Shirun da ke cikin hular kwano

Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, wani abokin aikina ya same ni a wurin ajiye motoci ina matse safar hannuna, wandona ya jiƙe sharkaf tun daga gwiwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wai don Allah, Malam, me ka rasa a mota? Kana da ita a gida, ka lulluɓe ta da tamfol, ka zo nan kana rawar ɗari kamar ɗan tsako." Na ba shi amsar da kowa yake bayarwa: babur ba ya shan mai, cunkoso ba ya riƙe shi, duk lungun da ka samu sai ka kafe abinka. Ya gyaɗa kai ya wuce. Ban yi masa ƙarya ba, amma ni na san ba waɗannan ne suka fito da ni cikin ruwan ba. Mai lissafin kuɗin mai ba ya tashi da sassafe ranar hutu ya yi kilomita 80 zuwa inda ba shi da kowa, ya tsaya ya miƙe ƙafa, ya juyo.

Shekarata 14 ina hawa, kuma sai a 'yan shekarun nan na gane abin da nake bi. Ni mutum ne mai surutun zuci. Bashin da ban biya ba, aikin da na yi alkawari ban gama ba, maganar da wani ya yaɓa min tun makon jiya wadda sai yanzu amsarta ta zo min, duk suna nan suna zarya. Idan na shiga mota, tare muke shiga. Su zauna a kujerar baya, rediyo na yi, waya na haske, na kan isa inda za ni ban tuna yadda na bi hanyar ba. A kan babur kuwa babu kujerar da za su zauna. Hannun hagu yana kan kulochi. Na dama ya haɗa aiki biyu, totur da birkin gaba. Ƙafar hagu tana canja giya, ta dama tana kan birkin baya. Ido yana can gaba yana karanta kwalta, yana leƙa madubi, yana tambayar ko mai waccan motar da ta tsaya a mahaɗa ya gan ni ko kuwa waya yake dannawa. Ba a fi minti biyar ba sai in ji kaina ya yi tsit. Ga ƙarar inji, ga iska tana dukan hular kwano, amma can ciki shiru.

Yayana ne ya koya min, a wani fili, da wani tsohon babur da sai an buga masa kik sau huɗu yake tashi. Kwana uku ina abu ɗaya: in saki kulochi, babur ya yi tsalle ya mutu. In sake bugawa, gumi na zuba. Shi kuwa yana tsaye ya harɗe hannu, ba ya cewa komai sai, "Kana sakin sa kamar ya ƙona ka. Ajiye shi kamar kana ajiye ƙwai." Na ce, "Yaya, ai a hankali nake yi." Ya ce, "A hankali kake farawa, da ya motsa sai ka tsorata ka jefar." Akwai wani ɗan wuri a tsakiyar tafiyar kulochi, bai kai faɗin yatsa ba, inda ƙarar inji take sauka kaɗan, babur ya fara jan ka kamar akuya ta ja igiya. Nan ake tsayawa, a ƙara totur kaɗan, sannan a ƙarasa saki. Ranar da yatsuna suka gano wurin, na zagaya filin nan har mai ya kusa ƙarewa, ina dariya ni kaɗai. Giya ma sai da ta ba ni wuya: ta ɗaya ƙasa, sauran duka sama, firi kuma ya ɓuya tsakanin ta ɗaya da ta biyu, sai ka lallaɓa shi da ɗan yatsan ƙafa. Har yau idan na tsaya a danja na same shi da taɓi ɗaya, sai in ji wani ɗan daɗi da ba zan iya yi wa mai mota bayaninsa ba.

Amma zuciyar abin tana wurin shan kwana. Miƙaƙƙiyar hanya kowa ma zai iya, murza totur ba gwaninta ba ce. Kwana ce take raba mai hawa da wanda babur yake ɗauke da shi. Kuma a nan akwai wani abin mamaki da na yi shekaru ina yi ban san ina yi ba. Idan kana cikin gudu kana son shan kwanar hagu, ba ka juya kan babur hagu. Hannun hagu kake turawa gaba kaɗan, wato kan babur ya ɗan kalli dama. Tayar gaba ta zame daga ƙarƙashinka zuwa dama, babur ya kwanta hagu, kwanciyar nan ita ce take shan kwanar. Da aka fara gaya min na yi musu har da rantsuwa. Washegari na fita hanyar da babu kowa, na tura hannun hagu da yatsa biyu kawai, sai ga babur ya kwanta hagu lakadan kamar da ma jira yake. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi jirgin sama a 1903, waɗanda asalin sana'arsu keke ce, ya taɓa rubuta cewa ya tambayi masu keke da yawa yadda suke juyawa hagu, bai samu ko ɗaya da ya faɗa daidai a karon farko ba. Jiki ya sani, baki bai sani ba.

Idan kwana ta zo daidai, ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka juya kai ka kalli mafita, ka tura hannu, duniya ta karkata, sannan ka fara murza totur a hankali babur ya miƙe da kansa, to daƙiƙa huɗu ko biyar ɗin nan ba su da na biyu. Duk nauyinka da na ƙarfen yana kan wurare biyu na roba da kowannensu bai wuce tafin hannu ba. Akwai wata kwana a hanyata ta zuwa aiki da na sha fiye da sau dubu, kuma ban yi imani na taɓa shan ta iri ɗaya sau biyu ba.

Sai kuma abin da gilas yake hana mai mota. Idan hanya ta gangara kusa da ruwa, sanyi yakan shigo ta wuyan riga kafin ido ya ga ruwan. Ƙamshin ƙasa kafin ruwan sama, hayaƙin babbar motar da ke gabanka, warin mushen da ke bayan ciyawa, duk naka ne, mai daɗi da marar daɗi. Ƙwaro ya bugi ƙirjinka a gudun kilomita 90, ka ji kamar an harbe ka da tsakuwa.

Ba kowa ne yake hawa don abin da nake hawa ba. Wasu gudu ne ya kama su. A Tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, tun 1907 ake tseren babura da ake kira TT a kan titunan gari na yau da kullum, ga katanga, ga turakun lantarki, ga gidajen mutane. Zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 60, kuma a 2023 Peter Hickman ya zagaye shi da matsakaicin gudun da ya wuce kilomita 219 a awa. Matsakaici fa, har da kwanoni. Fiye da mutum 250 sun rasa ransu a wannan hanya, duk da haka kowace shekara ana cika. Nakan kalli bidiyonsu cikina yana ɗaurewa, ina jinjina musu, amma ba na jin muna neman abu ɗaya. Wasu kuma ƙara ce da ƙira, irin masoya Harley-Davidson da za su wuni suna goge ƙarfe har ka ga fuskarka a ciki. Mafi yawan masu babur a duniya ma ba su da lokacin wannan falsafar: a Indiya da Indonesiya da Biyetnam, babur shi ne ƙafar gida, shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko kaya. Babur ɗin da aka fi ƙerawa a tarihi ba wani dodon tsere ba ne, ɗan ƙaramin Honda Super Cub ne da ya fito a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Ni a ganina ƙaramin babur da kake iya matse shi har ƙarshe ya fi ƙaton da kake tsoron murza masa totur daɗi, ko da yake na san masu manyan injuna za su ce hassada ce. Wataƙila da ɗan gaskiyarsu.

Na faɗi sau ɗaya, faɗuwa ta gaske. Da yamma ne, ina dawowa, a wata kwanar dama da na raina. Na riga na kwanta sai na hango rami a tsakiyar layina, ruwa ya tara yashi a bakinsa. Akwai wuri isasshe ta ciki, keke biyu ma za su wuce. Amma idona ya kafe a kan ramin, kuma babur inda ka kalla can yake zuwa. Da na ga na nufe shi sai na damƙe birkin gaba gaba ɗaya, babur yana kwance, taya tana kan yashi. Ban ji lokacin da ta zame ba. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar hular kwano tana gurzar kwalta daidai kunnena, ƙurrr, sannan sama, sannan tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai can gefe. Na tashi da gurjewar gwiwa da kafaɗar da ta yi wata biyu ba ta ɗaguwa sosai. Gefen hular ya cinye har farin abin cikinta ya fito. Da daddare yayana ya zo dubiya, ya juya hular a hannunsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ina kake kallo?" Na ce, "Ramin, Yaya." Ya ce, "To ai ka samu abin da kake kallo. Allah ya kiyaye gaba."

Shi ya sa ba na musu da wanda ya ce babur haɗari ne. Ƙididdigar hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka tana nuna cewa a tafiya mai tsawo ɗaya, mai babur ya fi na cikin mota yiwuwar mutuwa fiye da sau 20. Ba ƙarfe a gefenka, ba bel, fatarka ce bodin. Hular kwanon ma da jini aka saye ta. A 1935 T. E. Lawrence, sojan Birtaniyan nan da ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya kauce wa yara biyu masu keke a kan babur ɗinsa Brough Superior, ya faɗi ba hula, ya rasu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa, ya duƙufa binciken raunin kai na masu babur, har a 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masu babur ɗinta sa hula. Idan na ga saurayi ya rataye tasa a gwiwar hannu yana gudu, raina ɓaci yake yi, don na san ƙarar da take yi a kan kwalta.

Mahaifiyata har yau ba ta yarda ba. Duk sanda na je gaishe ta, kafin in cire hula sai ta ce, "Har yanzu kana kan wannan abin?" In ce, "Ina kai, Umma." Ta ce, "Allah ya shirye ka." Ban taɓa iya gaya mata abin da na sani a raina ba, cewa shirun nan da nake nema da haɗarin da take tsoro uwarsu ɗaya. Da a ce ba abin da zai same ni idan hankalina ya tafi, da ya tafi, kamar yadda yake tafiya a mota. Ba na son haɗarin, ina sa jaket mai kauri ko ana zafi, ina duba iskar taya kowane mako, ina shafa wa sarƙa mai, na daina tafiyar dare in ba dole ba. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce da babu shi zan ji abin da nake ji ba.

Jiya na dawo gida gab da faɗuwar rana. Na kashe inji, na kafe babur, na zauna a kansa ban cire hula ba. Inji mai zafi idan yana hucewa yakan yi wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, ƙis, da sauri da farko, sannan tana jinkirtawa. Waya tana ta motsi a aljihun jaket, na san kuma ko wane ne, na san abin da yake so. Na bar ta sai da salansa ta yi ƙis ɗin ƙarshe.