Lambar da ta kusa raba Baba mai ruwa da sana'arsa

Ƙannena masu sha'awar haɗe-haɗen na'urori, a layinmu na Tudun Wada akwai wani dattijo ɗan ga-ruwa da ya fi shekara goma yana turo mana kura daga wata burtsatse. Wata rana da yamma na tsoma na'urar auna dagulewar ruwa da na haɗa da hannuna a cikin ruwansa, a gaban matan gidaje uku, na karanta abin da allo ya nuna da ƙarfi: ɗari uku da wani abu. Na ƙara da cewa ruwan sha bai kamata ya wuce 5 ba. Baba ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ruwan nan garai-garai yake, ko idona ne ya mutu?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, na'ura tana ganin abin da ido ba ya gani." Kafin mako ya zagayo gidaje huɗu sun daina sayen ruwansa. Shi ke da gaskiya, ni da na'urata muka yi masa ƙazafi, kuma har yau abin yana cin raina.

Abin da nake ƙoƙarin aunawa shi ne dagulewar ruwa, wato yawan laka da ƙura da sauran ƙananan abubuwa da ke yawo a cikinsa suna tare haske. Ana ƙirga ta da ma'aunin NTU. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsaya a kan 5, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a sauko ƙasa da 1 idan za a sa kulorin, domin ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin laka, maganin kuma ya ƙare a kanta bai kai gare su ba. Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Kaduna cikin watan Agusta ya ga yadda ruwan yake komawa ja kamar kunun kanwa ya san dalilin da ya sa na damu da wannan awo. Rijiyoyinmu ma haka suke yi idan an tafka ruwan sama.

Kuskurena na farko tun a wajen saye ne. Sensar da na samu mai araha irin wadda ake sawa a injin wanki ce: ƙwan fitila a gefe guda, idon da ke karɓar haske a ɗaya gefen, ruwa a tsakaninsu. Aikinta ta gaya wa inji ko ruwan wanki ya yi datti sosai. Tana iya bambanta ruwan kogi da na famfo, amma tsakanin 2 da 20 makauniya ce, alhali nan ne duk maganar ruwan sha take. Na'urar ɗakin gwaji ba haka take ba. Ita idonta yana gefe, a kusurwar digiri 90, yana jiran hasken da laka ta watso. A ruwa mai tsabta kusan duhu yake gani, saboda haka 'yar laka kaɗan ma sai ta bayyana. Tawa kuwa kallon fitilar take kai tsaye, kamar a ce mutum ya kalli rana ya faɗi ko ƙura ta ɗan ƙaru.

Na biyu ya fi muni. Na haɗa sensar da Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke karanta ta, na ɗauko lissafin da ke juya ƙarfin wuta zuwa NTU daga intanet, na liƙa shi yadda na same shi, ban taɓa gwada shi da ruwan da aka san awonsa ba. Sai daga baya na zauna da biro na bi lissafin. Idan sensa ta ba da bolt 4.2, amsa kusan sifili ce. Idan ta sauko 4.1, amsa ta haura 300. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A yammacin nan fawa bankina ya kusa mutuwa, ƙwan fitilar ya dushe, ga kuma ruwan yanzu aka juye shi daga jarka, ƙananan kumfa sun manne a jikin sensar suna watsa haske. Abin da na auna rannan raunin batir ne da kumfa, na ɗora wa Baba.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi tsorata ni da na gane ta. Kwana biyu kafin nan na auna rijiyar gidanmu da tsakar rana a tsakar gida, allo ya nuna sifili, na ce wa Inna ruwanta ya fi na leda. Hasken rana ne ya cika idon sensar, ta ɗauka ruwan ba shi da komai. Inna ta daina sa alif, har tafasawa ta daina, saboda ɗanta mai ilimi ya ce lafiya lau. Allah ya tsare babu wanda ya kwanta, amma ba dabarata ba ce.

Wani yayan abokina da ke aiki a ɗakin gwajin ruwa shi ya warware mini. Na kai masa gora biyu, ya goge 'yar kwalbarsa da ƙyalle mai laushi, ya riƙe ta ta murfi don kada yatsa ya bar tabo, ya saka ta a na'ura ya rufe. Ruwan Baba bai kai 2 ba. Na rijiyarmu ya wuce 20. Ya ce, "Ƙanena, da me ka saita taka?" Na ce da lissafin intanet. Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauko kwalaben saiti ya jera a gabana, kowace da lambarta a jiki, ya ce su kansu masu na'urar miliyoyi da waɗannan suke duba ta lokaci-lokaci kafin su yarda da abin da ta faɗa.

Ban jefar da aikin ba, ku ma kada ku jefar, domin na'urar gida tana da amfani idan an san iyakarta. Na je kasuwar Panteka aka yanko mini guntun baƙin fayif, aka huda shi wuri biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a gefe. Na sa ƙwan LED mai hasken infrared, irin wanda ido ba ya gani, saboda launin ruwa bai cika ruɗa shi ba. Ƙa'idar duniya ta auna dagulewar ruwa, ISO 7027, ma haske mai tsawon zango nanomita 860 ta zaɓa. Idon karɓar haske ya koma gefe. Na daina tsoma komai a ruwa, sai dai in zuba ruwan a 'yar kwalbar gilas in saka ta cikin fayif in rufe da murfi, in naɗe duk wata kafa da baƙin salatef. Na yi wa kwalbar alama da jan farce don kullum fuska ɗaya take kallon fitila, domin ƙarzanen jikin gilas ma yana canza lamba. Wuta kuma na sa mata abin da ke daidaita ta, kuma ba na awo sai batir yana cike.

Saitin shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne aikin gaba ɗaya. Sifilina ruwan batir ne wanda aka tace, sabo a rufe. Sauran matakan na ɗebo lakar kogi daga wajen Kabala, na dama, na riƙa tsarma ta da ruwa mai tsabta har na sami kwalabe shida daga mai kauri zuwa wadda da ƙyar za ka ce da wani abu a ciki. Kowace muka girgiza muka auna a na'urar yayan abokina, nan take muka auna a tawa kafin laka ta kwanta, na rubuta lambobin biyu gefe da gefe a littafi. Daga wannan teburin na fitar da lissafina. Na sensata ne ita kaɗai. Idan ka sayi irinta daga shago ɗaya ma sai ka yi naka. Za ku ji ana maganar formazin, sinadarin da ake saita na'urori da shi. Kada ku ce za ku haɗa shi a ɗaki, a cikin kayan haɗinsa akwai guba mai haɗari. Madarar da aka tsarma tana nuna maka ko na'ura tana motsi, amma ba ta ba ka lamba.

Wanda ba shi da kuɗin Arduino kuma bai rasa komai ba. Doguwar roba mai garai-garai da baƙar alama a gindinta, ka yi ta zuba ruwa kana leƙawa ta sama a inuwa har alamar ta ɓace, tsawon ruwan ya ba ka awo. Ma'aikatan ruwa a karkara suna amfani da irinta, tana saukowa har wajen 5, ba ta buƙatar batir. Da ita na fara, da ban kunyata dattijo ba.

Ko da na'urarka ta daidaita, laka kawai take gani. Ruwa yana iya fitowa 1 yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifod, musamman inda masai yake kusa da rijiya, abin da ya yi yawa a tsofaffin unguwanninmu masu cunkoso. Wannan sai gwaji na daban. Saboda haka yanzu kalmar "mai kyau" ba ta fita daga bakina. Ina cewa ruwan nan ya dagule fiye da na makon jiya, ko alif ɗin ya yi aiki, ko garin 'ya'yan zogale ya kwantar da lakar, a tace a sa kulorin ko a tafasa. Kuma kowane ruwa sau uku nake auna shi, in lambobin suka yi nisa da juna, na'urar nake tuhuma tukuna.

Baba kuwa na same shi a bakin burtsatse da sassafe yana jera jarkoki. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa takardar ɗakin gwaji, na ce, "Baba, ku yafe mini, ruwanku ba shi da laifi." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ba ni za ka gaya wa ba." Haka na bi gidajen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya da takardar a hannu. Uku sun dawo masa a makon. Na huɗun sun riga sun shirya da wani mai kura, kuma ba su dawo ba.