Tururi ya ruɗe ni a kan cinyar kaza

Har yau launin naman nan bai bar idona ba. Na tsaga cinyar kazar domin in yayyanka wa 'yata, sai na ga wurin da ya manne da ƙashi ya yi ja-ja, wani ɗan ruwa mai jini-jini yana tsattsafowa daga ciki. Fatar kuwa ta yi zafin da ba ta taɓuwa, tururi yana tashi har ya dusashe mini tabarau. Na ɗan yi jim, sannan na mayar da farantin cikin maikirowef, wato na'urar lantarki ta ɗumama abinci, na ƙara masa minti ɗaya, na fito da shi na ajiye a gabanta ba tare da na sake leƙa wurin da na gani ba. Shekararta biyar a lokacin. A duk abin da ya faru a ranar, wannan rashin sake dubawar ne ya fi tsaya mini a rai, domin na ga alama da idona, na kuma zaɓi in yarda da tururi.

Kuskuren ya faro ne tun da rana. Na ciro cinyoyi shida daga firiza, sun daskare sun manne da juna kamar dutse guda, kuma saboda ina sauri ban taɓa maɓallin narkar da ƙanƙara ba, na kunna na'urar da cikakken ƙarfinta. Bayan 'yan mintoci gefen naman ya yi fari, wasu wurare ma sun fara dahuwa, amma tsakiyar ko wuƙa ba ta shiga. Ina cikin haka aka kira ni a kan wata larura, na rufe ƙofar na'urar da naman a ciki na fita, da niyyar dawowa nan da nan. Sai da na yi kusan awa uku. Da na dawo na tarar ya saki gaba ɗaya, har na ji daɗi cewa aiki ya ragu, na zuba kayan ɗanɗano, na jibge cinyoyin a kwano ɗaya, babu murfi, na ba su minti goma sha biyu. Ban juya su ba, ban kuma bar su sun huta ba, ƙararrawa tana bugawa na raba.

Washegari da daddare zazzaɓi ya rufe yarinyar, ga ciwon ciki, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa. Na yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari, amma kafin gari ya waye idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, ko kuka ta yi hawaye ba ya fitowa. Kwana uku muka yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, gwajin bayan gida kuma ya nuna ƙwayar cutar Salmonela. Maigidana, wanda shi ma ya ci, ya yi kwana biyu yana fama, sai dai jikin babba ya fi jurewa. Ni da na ci shinkafa kawai saboda gajiya, ko ciwon kai ban yi ba, kuma wannan ya ƙara mini nauyi a zuciya. A dare na biyu mahaifiyata ta same ni a bakin gadon ina share hawaye, ta ce, "'Yar nan, kuka ba zai sauke mata zazzaɓi ba, ki gaya mini yadda aka yi." Na ce, "Mama, ku gafarce ni, na ga jan naman, na ba ta." Ba ta ƙara cewa komai ba, ta karɓi mafici daga hannuna.

Shekaru na yi ina riƙe da wata magana da na ji tun ina yarinya, wai maikirowef daga ciki take dafa abinci zuwa waje. A kan wannan na gina hukuncina a daren: idan har waje ya yi zafi haka, ai ciki ya daɗe da dahuwa, jan da na gani kuwa launi ne kawai. Maganar ba gaskiya ba ce. A cikin na'urar akwai wani sashe da ake kira magnetiron, shi ke fitar da wasu igiyoyin lantarki da ido ba ya gani, masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a kowace daƙiƙa, su kuma suke girgiza ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci har zafi ya samu. Amma igiyoyin ba sa shiga nesa, santimita kaɗan suke ratsawa ƙarfinsu ya ƙare. Abin da ke can ciki, kamar naman da ya kewaye ƙashin cinya, yana jiran zafi ne ya gangaro masa daga waje a hankali, kamar yadda yake faruwa a tukunya. Minti ɗayan da na ƙara ya ƙara ƙona fata ne kawai, bai ba zafin lokacin isa ƙashi ba.

Ko a waje ma zafin ba ya raba daidai. Bayan mun dawo gida na gwada da kaina, domin ina son in gani da ido. Na cire farantin gilashin nan mai juyawa, na shimfiɗa cakulan a faranti mai faɗi, na kunna na ɗan daƙiƙu. Da na buɗe, sai ga wurare sun narke sun yi ruwa, a tsakaninsu kuma cakulan yana nan da taurinsa, tazarar wani narkakken wuri da wani kimanin santimita 6, wato rabin tsawon igiyar, wadda take kusan santimita 12. Na daɗe ina kallon farantin. Kwanon da na jibge cinyoyi shida a ciki haka ya kasance, wani wuri yana tafasa, wani wuri ɗumi ne kawai, kuma cinyar da ta fi kauri, wadda na zaɓar wa 'yata saboda ta fi tsoka, ita ce ta kwana a tsakiyar tulin.

Daga baya na karanta labarin wani abu da ya faru a garin Juno na jihar Alaska a Amurka a shekarar 1992, wanda ya sa jikina ya yi sanyi. Mutane sun koma gida da ragowar gasasshen nama daga wani taron cin abinci, naman kuma yana ɗauke da Salmonela. Cikin mutum 30 da suka ɗumama shi kafin su ci, mutum 10 sun yi amfani da maikirowef, kuma dukansu sun kwanta ciwo. Sauran 20 da suka ɗumama a tanda ko a kasko, babu ko ɗaya da ya kamu. Nama ɗaya ne, cuta ɗaya ce, bambancin kawai shi ne ko zafi ya kai kowane lungu ko bai kai ba. Wannan bai sa na ɗora wa na'urar laifi ba, domin tana kashe ƙwayoyin cuta sarai a duk inda zafinta ya isa. Aikin mai girki ne ya tabbatar ya isa.

Narkar da ƙanƙara shi ne inda na fi jahilta. Ƙanƙara ba ta karɓar waɗannan igiyoyi kamar yadda ruwa yake karɓa, domin ƙwayoyin ruwan da ke cikinta a ɗaure suke, ba su da damar motsi. Saboda haka da zarar wani gefe ya narke, shi zai riƙa zuƙe ƙarfin na'urar yana ƙara zafi har ya dahu, tsakiya kuwa tana nan a daskare. Maɓallin narkarwa yana rage aikin zuwa kimanin kashi 30 cikin 100, kuma a yawancin na'urori hakan na nufin magnetiron yana kunnuwa yana mutuwa. Idan aka kasa kunne za a ji gurnanin yana tashi yana sauka. Waɗannan 'yan daƙiƙun shiru su ne lokacin da ɗumi yake ratsawa cikin ƙanƙarar, kuma su ne na hana naman da na kunna cikakken ƙarfi. Yanzu nakan cire naman daga leda da farantin soso da aka sayar da shi a ciki, in sa shi a kwanon gilashi, in tsayar da na'urar sau biyu ko uku in raba gutattsarin da suka saki, in juya sauran.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ke biyo bayan narkarwar. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, wasu ma suna iya ninka yawansu cikin minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi. Daskarewa ba ta kashe su, tana dakatar da su ne kawai. Naman da aka narkar a maikirowef ya riga ya shiga wannan yanayi na ɗumi a wurare da yawa, don haka ƙa'idarsa ita ce a dafa shi nan take, ba a ajiye shi, ba a mayar da shi firij da nufin gobe. Ni kuwa awa uku na bar shi a cikin rufaffen akwati mai ɗumi da danshi. Duk lokacin da na lissafa sau nawa minti 20 yake shiga awa uku, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Shi ya sa idan ban tabbata zan tsaya a kan girkin ba, ba na fara narkarwa a na'urar. Nakan sauke naman daga firiza zuwa ƙasan firij tun daren jiya, a cikin kwano don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abu, kuma kilo biyu yakan ci kusan yini da kwana. Idan lokaci ya ƙure, in ɗaure shi a leda in nutsar a ruwan sanyi, ina canza ruwan kowane rabin awa.

Ma'aunin zafin abinci mai tsini shi ne abu na farko da na saya bayan an sallame mu. Kaza tana buƙatar digiri 74 a wurin da ya fi kauri, niƙaƙƙen nama 71, ragowar abincin da ake ɗumamawa kuma 74. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne launi ma ba shaida ba ne: kaza tana iya dahuwa sarai amma kusa da ƙashi ya rage da ɗan ja, tana kuma iya yin fari tas alhali ba ta kai ba. Ke nan laifina a daren shi ne na ga abin tuhuma, ba ni da abin da zan auna, na yanke hukunci a kan abin da ya fi mini sauƙi. Da na sa cinyar a kasko na minti goma, da an wuce wurin.

Ɗumame ma na sauya masa tsari. Na auna farantin shinkafa da ya fito yana tururi, gefe ya haura 80, tsakiya bai kai 45 ba, a faranti ɗaya. Tun daga ranar nakan baza abinci in bar rami a tsakiya, in yayyafa ɗan ruwa, in rufe da murfi mai ƙofar iska domin tururin da aka tsare shi ke kai zafi wuraren da igiyoyi suka tsallake, in tsaya a rabin lokaci in gauraya. Idan ƙararrawa ta buga kuma ba na buɗewa sai bayan minti biyu ko uku. A da ina ɗaukar wannan jiran a matsayin ƙa'idar banza da ake rubutawa a jikin kwali, ashe yana cikin girkin, domin a lokacin ne zafi yake daidaita. Lokacin da ake rubutawa a kwali ma ya danganta da ƙarfin na'ura, tawa mai wat 700 ce, ba za ta yi aikin mai wat 1,000 a minti ɗaya ba.

Shinkafa tana da nata hatsarin da ɗumamawa ba ta magancewa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Basilus seriyus da ke ɓuya a cikin ƙwanso mai tauri, ta tsallake dahuwa, idan kuma shinkafar ta daɗe a waje ta farfaɗo ta saki guba wadda zafi ba ya lalatawa, ta jawo amai cikin 'yan awanni. Don haka nakan baza ta ta huce da wuri, in sa a firij cikin awa ɗaya, in ɗumama sau ɗaya tak.

Sauran abubuwan kowa ya san su, kuma ban taɓa samun matsala da su ba: ƙarfe da takardar alminiyom suna tartsatsi, ƙwai da ɓawonsa yana fashewa, robar da ba a yi ta don zafi ba tana narkewa, ruwa a kofi mai santsi yana iya wuce matakin tafasa shiru sannan ya yi tsalle idan an taɓa shi. Madarar jarirai ce kawai nake ja wa ƙannena kunne a kai, domin kwalbar tana iya yin ɗumi a hannu alhali a ciki akwai wurin da zai ƙona bakin jariri, dalili ɗaya da na cinyar kazata.

Kusan wata huɗu 'yata ta yi ba ta yarda ta ci kaza ba, ni kuma ban matsa mata ba. Yanzu nama mai ƙashi a tukunya ko a tanda nake dafa shi, na'urar na bar mata ɗumame da ganyayyaki da narkarwar da zan tsaya a kanta. A makon jiya na ɗumama ragowar cinyoyi biyu, suka fito suna tururi kamar na waccan ranar, fata tana ƙuna. Na soka ma'aunin kusa da ƙashi, ya tsaya a 61. Na juya su, na rufe, na ƙara minti biyu, na jira minti uku ina tsaye a wurin, na sake sokawa a wurare uku, mafi ƙaranci ya nuna 76. Sannan na kira ta ta wanke hannu.