Asabar: bututu ne ke zaɓar harsashi

Iska ta hana harbin nesa yau, sai yinin ya tafi a kan teburi wajen tantance harsasai. Maganar da ta fi cin lokaci ita ce murɗin bututu, domin a nan mutane suka fi tafka asarar kuɗi. Tsagin da ke cikin bututun raifal shi ke juya harsashi ya tafi a miƙe. In an rubuta 1:10, ana nufin harsashi na yin juyi ɗaya cikakke a kowane inci 10. Wanda bai san na bindigarsa ba, ya sa sandar wanki da ƙyalle mai matsewa, ya yi mata alama, ya tura a hankali har alamar ta zagayo, sannan ya auna tsawon da ya shige.

Tsawon harsashi ne ke neman murɗi, ba nauyinsa ba. Shi ya sa na tagulla zalla, wanda ya fi mai cikin dalma tsawo ko da nauyinsu ɗaya, yake son murɗi mai sauri. A nau'in harsashin da ake kira .223, bututun 1:12 yana riƙe mai giren 55 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) lafiya lau, amma mai giren 77 sai 1:8 ko 1:7. Ita bindigar harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, galibi da 1:8 take zuwa saboda dogayen harsasai masu giren 140. In murɗi ya gaza, ramin da ke kan takardar da ake harbi zai fito a karkace, wani lokaci ma harsashin ya shiga da gefensa. Lissafin Miller, wanda ke auna ko murɗi ya ishi harsashi, yana ba da lambar daidaito, kuma ni ba na yarda da abin da ya gaza 1.5, don iskar sanyi ta fi kauri, wanda ke kan gaɓa da rani zai iya lalacewa da hunturu.

Sai nisa. A nau'in .308, harsashin MatchKing na kamfanin Sierra mai giren 168 gwani ne a yadi 300 zuwa 600, amma idan gudunsa ya sauko kusa da gudun sauti, wato wajen mita 340 a daƙiƙa, yakan fara tangaɗi. Mai giren 175 ya fi jure wannan mashigi saboda siffar gindinsa, don haka shi ake ɗauka a yadi 1000.

Lambar BC da ke jikin kwali tana nuna yadda harsashi ke keta iska. Akan ba da ita a ma'auni biyu, G1 da G7. A duba ta G7 ga dogayen harsasai masu tsukakken gindi. Ta G1 ta fi girma a ido, amma tana canzawa sosai da gudu. A yadi 100 kuwa duk wannan bai dame ni ba, mai shafaffen gindi yakan tara ramuka wuri ɗaya fiye da su.

Hanci ma da nasa hali. Masu siririn hanci irin waɗanda ake kira VLD suna da tsirfa wajen tazarar da ke tsakaninsu da farkon tsagi, masu zagayayyen hanci ba ruwansu. A auna daga gindi zuwa kafaɗar harsashi, ba zuwa tsini ba, domin tsinin ba ya zuwa daidai ko a kwali ɗaya. Ga mai haɗa harsashi da kansa, kowane sauyin zurfin da ake dasa harsashi a kwanso, ko sauyin harsashin kansa, yana taɓa matsin wuta, saboda haka a koma ƙaramin awon albarushi na littafin kamfani a hau a hankali.

Da yamma iska ta ɗan lafa, aka samu gwaji a mita 100. Harbi uku ba ya nuna komai. Sai goma a wuri ɗaya, da na'urar auna gudu a gefe, a ga ko ramukan sun tsaya cikin santimita 3, kusan MOA ɗaya ke nan, wato ma'aunin kusurwa da ake auna taruwar ramuka da shi. Wanda ya ci, gobe a sayo shi da yawa daga lambar rukuni ɗaya.