Idon Amarya da Akwatin Kwalliyata

Ranar wata Lahadi da hantsi wayata ta yi ƙara. Gwaggon amaryar da na yi wa kwalliyar kamu ranar Juma'a ce, a wani gida da ke cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "'Yar nan, me kika sa wa yarinya a ido?" Amarya ta wayi gari idanu jawur, sun kumbura, kwantsa ta liƙe su, ga shi a ranar ake buɗar kai. Ƙawayenta biyu ma haka suka tashi.

Na rantse mata kayana masu kyau ne, ba jabu. Sai da na ajiye waya sannan abin ya faɗo mini. A cikin ƙawayen akwai wadda ta zauna gabana idonta ɗaya ya yi ja yana ruwa. Na tambaye ta, ta ce ƙura ce ta shigar mata a Keke. Na yarda domin ina sauri. Fuska goma sha ɗaya na yi a ranar da maskara ɗaya da fensirin kwalli ɗaya, kuma amarya ce ta ƙarshe, don kada kwalliyarta ta narke kafin a fito da ita. Da hannuna na ɗauko afolo daga idon ƙawa na kai idon amarya. Har yau in na tuna hotunan buɗar kan nan, tana sunkuye da baƙin tabarau, sai ƙirjina ya yi nauyi.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Da daddare na kai mata akwatin, ta shimfiɗa tabarma ta zazzage komai. Ta buɗe ledar da nake sa soso, wani wari kamar na rigar da ta kwana a jiƙe ya taso. Ta yanka sosan da almakashi, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a cikinsa, fumfuna ce. Ta ce, "Ƙanwata, wannan kike dannawa a fuskar 'ya'yan mutane?" Ta juya gindin wani kwalin fandeshan ta nuna mini ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi an rubuta 12M. Wato wata 12 daga ranar da aka buɗe. Shekarata huɗu a sana'a ban taɓa lura da shi ba. Ta ce maskara kuwa wata uku ce, ko da saura a ciki, domin ruwa-ruwa ce, a rufe cikin duhu, kuma kullum tsinkenta yana fita ya taɓa ido ya koma. A daren na zubar da kusan rabin jarina.

Daga nan na sake tsari. Tsinken da ke cikin maskara na yanke shi na yar, na sayo na yarwa a Kasuwar Sabon Gari, kowane ido da nasa, kuma wanda ya taɓa gashin ido ba ya komawa kwalba. Jan baki da fandeshan da duk wani mai maiƙo, ina ɗiba da ɗan ƙarfe in zuba a farantin silba, daga nan nake aiki. Fensirin gira da na kwalli ina fiƙe su kafin kowace fuska in goge da sifirit. Yaya ta ce in nemi wanda kashi 70 cikin ɗari sifirit ne, sauran ruwa, domin ɗan ruwan da ke ciki shi ke hana shi bushewa kafin ya yi aikinsa. Amma ta ja mini kunne cewa sifirit ba ya kashe kowace ƙwayar cuta, shi ya sa abin da ya shiga ido yarwa kawai ake yi. Gashin ido na gam ma, wadda na sa wa shi ya zama nata.

Reza ce ta fi tsorata ni. Ba kowace amarya ke yarda a taɓa mata gira ba, da yawa sai dai a gyara da hoda, amma ga mai so, sabuwa nake ɓarewa a gabanta. Dalili kuwa, reza kan yi ɗan yanka, ga shi ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai da rai a busasshen jini, ko da jinin bai kai a gani da ido ba.

Wankin buroshi kuwa yanayin Zariya ne ke tsara mini shi. Ruwan ɗumi da sabulun jarirai, in murza a tafin hannu har ruwan ya fita fari, in kwantar da su a bakin tebur, don in aka tsayar ruwa zai gangara ya saki gam ɗin gindinsu. Da hunturu nan da nan suke bushewa, sai dai ƙura, dole in rufe da mayafi mai shara-shara. Da damina, musamman watan Agusta, sai su kwana biyu da danshi, shi ya sa na haɗa saiti uku. Da bazara ba na barin akwati a but ɗin mota, zafi na raba mai da ruwa a cikin kayan.

Duk wannan kuɗi ne da haƙuri. Abin da ya fi wuya shi ne kunya. A gidan biki kowa 'yar uwa ce. Wata za ta miƙo hannu, "Anti, ɗan ara mini jan bakinki in goga." Wata inna za ta ciro tandun kwallinta ta ce a zizara wa jaririn da ke goye. Wannan kam ina roƙonsu su bari, domin kwallin dutse na gargajiya yakan ƙunshi dalma, ita kuwa dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar yaro. Wasu su ji, wasu su ce kakanninmu da shi suka girma.

Watan jiya a Tudun Wada uwar ango da kanta ta zauna a kujerata, ga hazbiya ta nuna a fatar idonta na hagu. Ɗaki cike da mata. Na durƙusa kusa da kunnenta na ce, "Hajiya, ki yi mini afuwa, yau ba zan taɓa idon nan ba, kada in ƙara miki ciwo. Bari in gyara miki fuska da ɗaurin kallabi." Ta yi shiru har gabana ya faɗi. Can ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka, yi yadda kika gani." Na wanke hannu, na ɓare sabon soso, na fara.