Hoton Baffa a tsohuwar 6600

Talata, bayan isha.

Ban gama karyawa ba Inna ta aiko Auta. Wai jiya ta je barka gidan su Goggo, ta ga sun rataye hoton marigayi maigidansu a falo, babba, cikin gilashi, ita ma tana son na Baffa. Na ce Inna ai ba mu da hotonsa sai na fasfo ɗin aikin hajji, shi ma ruwa ya cinye gefe. Ta ce ƙarya nake, akwai wanda na ɗauke shi ranar sunan Auta da "wayar nan taka mai tumbi". Inna ba ta tuna inda ta ajiye tabarau, amma ta tuna wannan.

Tana ƙasan akwatin takarduna, Nokia 6600, wadda na saya ta hannu a 2006. Batirin ya kumbura har murfin ya ɗago. Sa'ar da na yi BL-5C ne, kuma har yau ba ya yankewa a kasuwa, tunda ƙananan rediyoyin nan da 'yan raka-ni-kashi da yawa shi suke ci. Muka hau keke ni da Auta zuwa kasuwar Wunti. Rana tun ƙarfe goma ta fara cizo.

Yaron shagon gyara, da ya gan ta, sai da ya kira maƙwabcinsa su yi dariya tare. Ban ji haushi ba, har ni aka yi da. Muka sa batiri, na danna, hannayen nan biyu na Nokia suka haɗu a fuskarta da ɗan kiɗan nan. Wallahi sai da na ji wani daɗi. Ya tambaye ni memori ina yake, na ce cire batiri ka gani. MMC ce, mai faɗi, megabayit 32. Bai taɓa riƙe irinta ba. Kad rida ɗinsa ta ƙananan memori ce kawai, amma ramin SD na tsohuwar kwamfutarsa ya karɓe ta.

Ga Baffa nan. Yana zaune kan tabarma a zaure, farar babbar riga, goro a faranti gabansa, hasken ƙofa ya ƙone rabin bangon. A fuskar wayar ras yake, don ita ɗigo 176 ne a faɗi, 208 a tsaye, duk abin da ka sa mata zai matse ya yi kyau. Da aka buɗe shi a kwamfuta sai fuskar ta watse.

Yaron ya ce, "Malam, wannan ba zai wanku babba ba fa." Na san haka tun daga gida, amma na so wani ya ce mini a'a. Kyamarar VGA ce, ɗigo 640 sau 480, gaba ɗaya 307,200, ko sulusin megafiksel bai kai ba. Masu wankin hoto suna son ɗigo 300 a kowane inci in ana so ya fita tas, ka ga kenan hoton Baffa inci biyu da ɗan abu ne, girman na fasfo. Inna kuwa tana son wanda za a hango daga bakin ƙofa. Dukan fayil ɗin 'yan kilobayit ne. Ƙwaƙwalwar wayar kanta megabayit 6 ce, hoto biyu na wayar da ke aljihuna yanzu sun ishe ta ƙoshi.

Auta ya ce wai me ya sa na sayi waya mai irin wannan kyamara. Na ce kai, a lokacin ai ni ne mai kyamara a layinmu. An fito da ita a 2003, shekara ɗaya bayan 7650, wadda ita ce Nokia ta farko mai kyamara a jiki. Kafin nan akwai ma wadda sai ka sayi kyamarar daban ka maƙala mata a gindi, irin T68i ta Sony Ericsson. Ta Sharp da aka sayar a Japan a ƙarshen 2000 ɗigo 110,000 kacal gare ta, kuma mutane suka yi ta murna. Sabis ɗin GSM kansa sai 2001 ya shigo ƙasar nan. K750i mai megafiksel 2 ta fito a 2005, N73 mai 3.2 a 2006, na gan su a hannun mutane, amma albashin malamin makaranta bai kai can ba. Ya ce to ai da ka ci bashi. Yaron da aka yanka wa rago ranar.

Nan fa ya nace sai ya ga ko tana shiga intanet. Aka samo masa ɗan firam ɗin sim, ya sa nasa a ciki. Sabis ya kawo, tunda 2G bai mutu ba. Sai da na cika saitin da hannu, kuma yatsuna suka tuna hanyar kafin kaina. Ɗan harafin G, alamar GPRS, wato intanet ɗin wancan zamanin, ya fito a kusurwa. Ya rubuta Google, muka jira, ta kawo kuskure. Ya gwada wani shafin, haka. Yawancin shafukan yanzu a kulle suke da irin tsaron da wayar ba ta san shi ba, wanda ya buɗu ma nauyinsa kaɗai zai iya wuce megabayit 2.

Na yi ta ba su labari, ba su tambaya ba. Yadda shafukan WAP suke rubutu tsura, layi-layi, kana gangarawa da ɗan sandan nan na tsakiya har ya sauɗe. Yadda GPRS ke tafiya, kilobit talatin zuwa arba'in in ka yi sa'a, ka danna ka je ka yi alwala ka dawo. Sannan Opera Mini ta zo a 2006 ta raba mu da wahala: 'yar manhajar Java ce, ba ita ke ɗauko shafin kai tsaye ba, kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauka su matse shi, wani lokaci su rage kusan kashi 90 cikin 100, sannan su turo maka. Kuma muna kashe hotuna don kada kati ya ƙare. Sakamakon ƙwallo, labaran BBC, waƙa daga Waptrick, daga baya 2go ta zo ta hana samari barci. Hoto kuwa ba a ɗora shi ko'ina. MMS, wato saƙon hoto, yau ta tafi gobe ta ƙi. Sai dai Bluetooth, ko infrared, a jera waya biyu baki da baki kada wanda ya motsa. Shi ya sa hoton Baffa bai taɓa fita daga katin nan ba.

Ana cikin haka yaron shagon ya ce in kawo ya sa shi a AI. Kafin in ce wani abu ya tura wayarsa, ya danna. Ko minti ɗaya bai yi ba.

Wani dattijo ne mai kyau. Fata sumul, gemu a tsefe gashi ɗaya-ɗaya, ido na ƙyalli. Tsagar da ke kumatun Baffa babu ita, manhajar ta ɗauka datti ne ta goge. Idonsa na hagu da ya ɗan faɗa tun ciwon da ya yi, ta daidaita shi da ɗan'uwansa. Ta ba shi haƙora masu kyau, mutumin da ya yi shekara hamsin yana cin goro. Na ce wannan ba shi ba ne. Yaron ya ce, "Ai ƙara masa haske kawai ta yi, Malam." Na ce abin da kyamarar ba ta kama ba a 2006 babu inda za a samo shi, zato take yi daga fuskokin wasu mutane da aka koya mata. Auta ya ce shi dai ya fi masa kyau. Bai san shi ba, yana rarrafe aka yi rasuwar.

Na sa aka wanke biyun. Na gaske ƙarami, na AI babba, don in nuna wa Inna bambancin ta yi fatali da shi.

Ta sa tabarau. Ta daɗe a kan ƙaramin, ta ce Allah ya jiƙansa, ta ajiye a cinya. Ta ɗauki babban. Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Na ga babu tsagar, ba makauniya ba ce ni. Amma haka idonsa yake lokacin da aka kawo ni gidan nan." Ta ce wa Auta gobe ya kai a sa gilashi.

Me zan ce? Mijinta ne. Ni dai tun la'asar abin na cina, don jikoki za su tashi suna kallon mutumin bangon nan suna cewa ga Baffa, kuma watarana babu mai cewa a'a. Maman yara ta ce ina ruwana da bangon Inna. Ita ma babban ta zaɓa.

Na biya na sayo waina, ta huce kafin in iso. Wuta ta zo da magariba, ta tafi kafin a idar da salla. Takardun 'yan aji uku suna nan ban taɓa su ba.

Na kwafe hotunan katin duka zuwa wurare biyu. Auta yana ta roƙo in bar masa wayar ya kai makaranta abokansa su gani. Na ce sai na cire memori tukuna.