Mako na bakwai: shirin hawan Duwatsun Shere daga Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon hawan dutse. Yau sati bakwai ke nan da na fara atisaye, ga kuma inda aka kwana.

Niyyata tana nan: in Allah ya kai mu hunturu zan je Jos in hau Duwatsun Shere da ke gabas da gari. Jos kanta tana zaune ne a kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai wajen mita 1,829. Mu nan Legas a bakin ruwa muke. In ka tashi daga Agege har Obalende ba ka gamuwa da abin da za a kira dutse, shi ya sa na koma wa matakala.

Akwai wata gadar tsallaka titi a kan hanyar Oshodi, can nake zuwa da an idar da sallar asuba, kafin 'yan kasuwa su cika ta. Na ƙirga matakalarta, na auna guda da hannu, sai na ga hawa ɗaya bai wuce mita bakwai ba. Ratar da ke tsakanin Jos da kan Shere ta ɗan haura mita 600, wato sai na hau gadar nan kusan sau casa'in kafin in ce na yi kwatankwacinta, duk da dai gindin dutsen ya fi cikin gari tudu, abin zai ɗan ragu. A satin farko sau goma sha biyu na yi ina haki. Jiya na kai arba'in da biyar, da jaka a baya, a cikinta manyan gorunan ruwa huɗu masu lita ɗaya da rabi, nauyin kilo shida ke nan.

Amma babban abin da na koya a kan sauka ne. Duk hankalina yana kan hawa, ashe gangara ce ke cin gwiwa. Na gane haka ranar da muka hau jirgin ƙasa zuwa Abeokuta muka ziyarci Dutsen Olumo. Hawan bai ba ni wahala ba, amma da muka juyo sai cinyoyina suka kama rawa, washegari kuwa da ƙyar na durƙusa na yi alwala. Dalili shi ne, in kana gangarowa naman gaban cinya ne ke taka wa jiki burki a kowane taku, yana miƙewa alhali yana riƙe da nauyinka, irin wannan aikin kuwa shi ya fi jawo tsamin jiki bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wani dattijo mai shayi a gindin gadar, haifaffen Bukuru da ke kusa da Jos, shi ya gyara mini sauka. Ya daɗe yana kallona, ran nan ya kira ni ya ce, "Ɗana, kana dira da dunduniya, gwiwarka a sandare. Ɗan lanƙwasa ta, ka rage taku." Na ce, "To Baba, na gode." Na gwada a take. Ƙarar da takalmina ke yi a kan matakalar ta ɗauke, zafin da nake ji a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ma ya ragu cikin kwana uku. Ya kuma ce in nemi sanda mai ƙwari wadda ta kai mini ƙirji, domin a kan falalen dutse da raɓar safiya ta jiƙa, ko inda tsakuwa ta barbazu, santsi ba ya sallama.

Batun takalmi kuwa, na yi asara sau ɗaya. Na sayi na gwanjo a kasuwar Katangowa daidai ƙafata cif, sai ga shi a gangara babban yatsa yana tokarar gaba har farcen ya yi baƙi. Na canza da wanda ya ɗara da kaurin yatsa guda, mai gurza-gurza a tafinsa, ina haɗawa da safa mai kauri. Ku riƙa gwada takalmi da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura.

Abin da Legas ba za ta koya mini ba shi ne sanyi. Kowace mita dubu ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri shida, ga iskar hunturu da ke busar da maƙogwaro mutum bai ji ƙishi ba. Na tanadi rigar sanyi, hula, man kaɗanya don leɓe, da dabino da gyaɗa na guzuri. Kuma ba zan shiga ni kaɗai ba. Zan nemi ɗan jagora daga ƙauyukan da ke gindin dutsen, mu fita da sassafe mu sauko kafin la'asar, don hazo na iya ɓoye hanya.

Sati mai zuwa ina son in kai hawa sittin, in ƙara gora ɗaya a jaka, in huta ranar Juma'a. Wanda ke kusa da Agege ko Ikeja kuma yana sha'awa, ya same ni a gindin gadar ranar Asabar da ƙarfe shida na safe, ya zo da ruwansa.