Tsakuwar 'yan tsaki ba kwasowa ake yi a bakin hanya ba

Sana'ata rainon 'yan tsaki a nan Aboabo, cikin Kumasi. Ina karɓo su 'yan kwana 1, in riƙe su da ɗumi da rigakafin cututtukan kaji na Newcastle da Gumboro har su yi gashi, sannan masu kiwon bayan gida su zo su ɗauka. Amma abin da aka fi sanina da shi a Zango shi ne tsakuwar da nake tankaɗewa da hannuna.

Kaza ba ta da haƙori. Duk abin da ta haɗiye ƙundu ne ke murƙushe shi, ƙundu kuma ba ya iya aikin sai da ƙananan duwatsu a ciki, kamar dai dutsen niƙa. Kazar da ke yawo a tsakar gida tana tsintar nata. Ɗan tsakon da aka kulle a keji, ko a ɗakin siminti irin na gidajen hayarmu, a ina zai samu? Muddin garin abincin kamfani kaɗai yake ci, babu damuwa. Ranar da kika soma ba shi barzajjiyar masara, ko gero, ko ganye, ko gara, ranar yake bukatar tsakuwa.

Wajen kawuna na koya, a Bawku. Mai zabi ne. Da asuba zai kawo wa 'ya'yan zabi gara, a gefe kuma ya ajiye kasko da yashi mai tsabta. Idan aka yanka kaza, shi ke tsaga ƙundun, ya wanke abin da ke ciki a tafin hannunsa ya nuna mini: 'yan duwatsu sun yi sumul saboda aiki. Daga nan yake gane ko an kula da kazar.

Nawa aikin ga yadda yake. Ɓarɓashin dutse nake sayowa daga masu fasa dutse a wajen Buoho. In tankaɗe da rariya mai ƙananan ido ƙurar ta fita, in sake da mai faɗin ido manyan su tsaya. Na tsakiyar nake so, wanda bai wuce ƙwayar gero ba. In wanke har ruwan ya fito garau, in shanya a rana ya bushe ƙayau. Idan na murza a yatsa na ga fari ya kama ni, sai ya koma ruwa. Yashin kogi kuwa na bar shi, tunda galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta ɓata ruwan kogin Offin ba zan zuba wa tsuntsun mutane abin da ban yarda da shi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu kwaikwayo. Su kwaso yashin gini, ko su daka ɓawon kawa, su ƙulla a leda su ce irin nawa ne. Ɓawon kawa na kaza mai ƙwai ne, daga wajen mako 18, don ɓawon ƙwai ya yi ƙarfi. Narkewa yake a ciki, ga shi yana iya lalata ƙodar ɗan tsako. Sai tsaki su mutu a ce iska ce.

Ga kuma masu ciniki. "Haba Malam, ƙasa ma sai da kuɗi?" Nakan ce, "Hajiya, sa hannu a gwangwanin awon nan nawa, ki sa a na wancan." Yawanci a nan maganar ke ƙarewa, ko da yake wasu sai sun je sun dawo.

Duk wanda ya saya sai na jaddada masa: kada a ba 'yan tsakin a kwanakin farko, don sukan cika ciki da ita su ƙi abinci. A zuba a ɗan murfi daban, kada a cakuɗa da abinci, ruwan sha kuma ya kasance kusa. Idan sun kai mako 8 a dawo, ina da mai ɗan girma da ta dace da su.